Taura Biyu a Baki Ɗaya: Tarihin Sauya Kafireto Tsakanin Neman Ƙarfi da Tsimin Mai

A shekarar 1938, wani bakanike mai suna Vic Edelbrock, wanda ke riƙe da ɗan gareji a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, ya sayi tsohuwar mota Ford ƙirar 1932. A ranakun aiki da ita yake zirga-zirga cikin gari. Idan ƙarshen mako ya zo sai ya kora ta zuwa busassun tafkunan da ke hamadar Mojave, ya kwance mata fenda da gilashin gaba, ya shiga layin masu gwada gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba kwana ba gargada. Injin motar mai silinda takwas an ƙera shi ne da mazaunin kafireto guda ɗaya a tsakiyarsa. Edelbrock ya ga numfashin injin bai kai yadda yake so ba, don haka ya ƙera sabon manifol na alminiyam, wato bututun da ke raba gamin iska da fetur zuwa silindoji, wanda zai ɗauki kafireto biyu samfurin Stromberg 97. Ya raɗa masa suna Slingshot. Duk sauyin da ya yi, sai ya koma tafki a auna masa gudu da agogo, ya ga ko an ci gaba ko an koma baya.

Daga wannan gareji da ire-irensa wata sana'a ta bunƙasa wadda har yau ba ta mutu ba: a cire kafireton da kamfani ya sa wa mota a ɗora wani, ko a buɗe cikinsa a sake saita shi. Buri biyu ne ke jan masu yin haka. Wasu ƙarfi suke nema, wasu so suke motar ta rage shan mai, da yawa kuma suna fatan samun duka biyun da kuɗi ɗaya. Tarihin kusan shekara ɗari na wannan sana'a ya nuna cewa taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Kafireto ma'auni ne na iska da mai, kuma duk wanda ya taɓa shi yana zaɓar ɓangaren da zai fifita ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Aikin da kafireto ke yi

Fetur ba ya ƙonewa a cikin inji sai ya gauraya da iska. Idan ana so ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Idan man ya zarce haka, gamin ya yi kauri, kamar furar da aka ƙwarar da ruwanta. Idan iska ce ta rinjaya, gamin ya zama tsararo. Abin da ke haifar da dukan jayayyar shi ne inji ba ya son gami iri ɗaya a kowane hali. Yana ba da iyakar ƙarfinsa ne idan gamin ya ɗan yi kauri, wajen kashi 12 da rabi na iska ga kashi ɗaya na mai. Yana kuma yin tafiya mafi nisa da lita guda idan gamin ya ɗan tsinke, wajen kashi 15 zuwa 16. Da sanyin safiya yana son kauri sosai kafin ya tashi, shi ya sa aka yi cok.

Dabarar da kafireto ke auna man da ita ta girmi mota. A ƙarni na 18, Daniel Bernoulli na ƙasar Suwizalan da Giovanni Battista Venturi na Italiya sun bayyana cewa ruwa ko iska idan suka bi ta bututun da ya tsuke a tsakiya, gudunsu yana ƙaruwa a wurin tsukewar, matsinsu kuma yana raguwa. Kafireto maƙogwaro ne mai irin wannan tsukewa. Fistin yana zuƙo iska ta cikinsa, raguwar matsin kuma tana janyo fetur daga wani ɗan kofi ta wata 'yar ƙofa da aka auna faɗinta, wadda kanikawa ke kira jet. A cikin kofin akwai fulot da ke tsare man a mataki ɗaya. A ƙasan maƙogwaron akwai faifan da ke buɗewa idan direba ya taka totur. Akwai kuma wata hanyar mai ta daban domin silo, da ɗan famfo da ke watsa ƙarin fetur a daidai lokacin da aka taka totur da sauri. Babu lantarki a cikin lissafin. Gudun iska ne kaɗai ke gaya wa man yawan da zai fito.

Masu ƙira na farko

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a 1886 iska take bi ta saman fetur ta ɗebi tururinsa, hanyar da ba ta da tabbas. A 1893 Wilhelm Maybach a Jamus ya fito da kafireto mai fesa mai ta jet tare da fulot, a shekarar da János Csonka da Donát Bánki suka yi rajistar makamancinsa a Hungari. Daga nan kowace ƙasa mai ƙera mota ta samu nata gidan kafireto. A Landan, iyalin Skinner, waɗanda asalin sana'arsu takalma ce, sun kafa kamfanin SU a 1910, kuma kafiretocinsu na farko da fata aka yi wani sashe nasu mai motsi kamar zugazugi. A Faransa Marcel Mennesson da Maurice Goudard suka kafa Solex. A Amurka 'yan'uwa biyu, George da Earl Holley, suka zama masu sayar wa Henry Ford kafireton motarsa Model T.

Wanda ya fi kowa alaƙa da sana'ar sauyi shi ne Edoardo Weber, wanda ya kafa kamfaninsa a birnin Bologna na Italiya a 1923. Kasuwancinsa na farko kayan sauyi ne ga masu motocin Fiat da ba su gamsu da abin da masana'anta ta ba su ba. Weber ya fahimci cewa maƙogwaro ɗaya ba zai iya biya wa inji buƙatunsa biyu ba. Idan ƙarami ne, iska tana gudu da kyau a tafiyar hankali amma inji yana shaƙewa idan an nemi gudu. Idan babba ne, akasin haka ke faruwa. Sai ya haɗa maƙogwaro biyu masu girma daban a jiki ɗaya: ƙaramin yana aiki kullum, babban ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. A shekarun 1930 motocin tseren Alfa Romeo da Maserati sun yi amfani da kafiretocinsa, daga baya Ferrari ma ta bi sahu. Shi kansa Weber ya ɓace a watan Mayun 1945, a rikicin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Fiat kuma ta karɓi ragamar kamfanin a 1952.

Zamanin da mai ke araha

A Amurka, inda fetur ke da araha kuma hanyoyi ke da tsawo, neman ƙarfi ne ya yi rinjaye. Injin Ford V8 da ya fito a 1932 ya sa silinda takwas ta shiga hannun talaka, kuma bayan 'yan shekaru tsofaffin motocin suka cika kasuwar gwanjo. Matsalar injin a bayyane take: kafireto ɗaya a tsakiya ba ya raba gami daidai, silindojin da ke nesa da shi ba sa samun abin da na kusa ke samu. Ɗora biyu ko uku yana gajarta hanyar kuma yana ƙara iskar da ke shiga. Stromberg 97, wanda Ford ta yi amfani da shi daga 1936 zuwa 1938, ya zama abin nema domin yana da sauƙin buɗewa da sauya jet. Lambar 97 daga faɗin maƙogwaronsa ta fito, wato kashi 97 cikin 100 na inci guda.

A 1937 matasan kudancin Kalifoniya suka kafa ƙungiyar SCTA domin tsara tseren tafkuna da auna gudu. Bayan yaƙi, sojojin da suka dawo da ilimin gyaran jirage da tankokin yaƙi suka shigo harkar da ƙarfinsu. Mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948, aka fara taron gudu na shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a 1949, Wally Parks kuma ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951. Manyan kamfanonin Detroit suka lura da inda zuciyar masu saye take. A 1952 kafireto mai maƙogwaro huɗu ya bayyana a motocin Buick da Cadillac da Oldsmobile. A 1957 Holley ta fito da samfurin 4150, Carter ta fito da AFB, Pontiac kuma ta fara sayar da inji mai kafireto uku kai tsaye daga masana'anta. Zuwa 1970 ana iya shiga shagon dillali a sayi Chevrolet Chevelle mai injin lita 7.4 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450.

A tsakiyar wannan gasa, a 1965, sashen Rochester na kamfanin General Motors ya fito da Quadrajet, wanda ya ɗauki tunanin Weber ya kai shi maƙura. Maƙogwaronsa biyu na gaba ƙanana ne ƙwarai, na baya biyu kuma manya, da wani murfi a samansu wanda ba ya buɗewa sai injin da kansa ya zuƙi iskar da ta isa. A tafiyar yau da kullum motar tana numfashi ta ƙananan ne kaɗai. Duk da haka dubban masu motoci suka cire shi suka ɗora Holley, domin Quadrajet yana da wuyar fahimta, Holley kuwa ana iya sauya masa jet a gefen hanya. Da yawa daga cikinsu sun samu ƙarin ƙugi da ƙarin kuɗin mai, ba tare da agogo ya nuna wani bambanci a gudu ba.

Lissafin da ba a cika yi ba

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana shaƙar iska sau ɗaya ne a juyi biyu. Injin Chevrolet mai lita 5.7, wanda aka fi yi wa irin wannan sauyi, yana shaƙar lita 2.85 ke nan a kowane juyi idan ya cika maƙil. A juyi 5,000 cikin minti ɗaya, iyakarsa lita 14,250. Injin titi na yau da kullum kuwa ba ya cika maƙil, yakan tsaya ne wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100, wato kimanin lita 12,000 a minti. A ma'aunin Amurkawa na ƙafa mai kusurwa uku a minti, wannan bai wuce 430 ba. Amma kafiretocin da aka fi talla masu lamba 600 ne da 750 da 850. Mai lamba 750 yana iya wuce da iska sama da lita 21,000 a minti, abin da injin ba zai taɓa nema ba.

Rarar ba ta zama ajiya, illa take yi. Maƙogwaron da ya yi wa inji girma yana rage gudun iska, kuma gudun iska shi ne saƙon da ke janyo mai. Idan saƙon ya yi rauni, fetur yana fita a ɗigo-ɗigo maimakon feshi, motar ta riƙa sarƙewa idan an taka totur. Mai motar sai ya nemi magani ta hanyar sa manyan jet da ƙara wa ɗan famfon ƙarfi, sarƙewar ta ɓoye, shan mai kuma ya hau. Abin ya fi muni a samfurin da maƙogwaronsa na baya ke buɗewa da ƙafar direba kai tsaye, wanda don filin tsere aka yi shi, inda inji ba ya sauka daga babban juyi. Sauyin da ya yi nasara a tarihi shi ne wanda ya cire wani shinge na gaske, kamar na Edelbrock, ko ya zo tare da sauyin kamshaf da bawul da salansa waɗanda suka ƙara wa injin iya numfashi. In ba haka ba, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shekarun da lissafi ya juya

Abubuwa biyu ne suka kawo ƙarshen zamanin ƙarfi, kuma dukansu daga wajen gareji suka fito. Na farko hayaƙi ne. Tun farkon shekarun 1950, masanin sinadarai Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hazon da ke rufe Los Angeles yana samuwa ne idan hasken rana ya haɗu da hayaƙin motoci da tururin fetur. A watan Disambar 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar tsaftace iska, wadda ta nemi a rage manyan gubobin hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin 100. Na biyu shi ne takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a watan Oktoban 1973, wanda ya ɗaga farashin ganga daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Aka ga dogayen layuka a gidajen mai, gwamnati ta taƙaita gudu a mil 55 a awa a farkon 1974, sannan dokar 1975 ta wajabta wa kamfanoni kai matsakaicin mil 27.5 a galan kafin 1985, wato kusan kilomita 11.7 a lita.

Kamfanonin suka tsinke gami, suka ja taimin baya, suka rage matsin silinda, suka kewaye kafireto da tarin robobin iska. Corvette ta 1975 ta fito da ƙarfin doki 165 kacal, ko da yake an sauya hanyar aunawa a 1972, abin da ya ƙara wa faɗuwar girma a takarda. Sana'ar sauyi ta juya alƙibla. Mutanen da a da ke neman babban kafireto suka koma neman ƙarami. Weber 32/36, wanda lambobinsa ke nufin faɗin maƙogwaronsa biyu a milimita, ya zama abin da ake ɗora wa ƙananan motocin Toyota da Datsun da Jeep a maimakon kafiretocin masana'anta da suka tsufa. Sau da yawa mai motar yakan ga shan mai ya ragu, ya yaba wa sabon samfurin. Galibin ribar kuwa daga rabuwa da tsohon da ya sassauce yana yoyon mai da iska ta fito.

Tsadar man ta kuma farfaɗo da wata tsohuwar tatsuniya. A shekarun 1930 wani ɗan Kanada mai suna Charles Nelson Pogue ya yi rajistar kafireton da ke mayar da fetur tururi kafin ya shiga inji, jaridu kuma suka yaɗa cewa mota za ta yi mil 200 da galan ɗaya, sama da kilomita 70 a lita. Ba a taɓa tabbatar da haka a gwaji mai zaman kansa ba, amma labarin cewa kamfanonin mai ne suka binne ƙirar ya samu masu saye a shekarun 1970. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta binciki na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu ko ɗaya da ya yi tasiri mai yawa ba. Dalilin kuwa shi ne lafiyayyen inji yana ƙone kusan dukan man da ya shige shi. Asarar tana faruwa ne bayan ƙonewar: wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin fetur yana fita a matsayin zafi ta salansa da lagireto, inda kafireto ba shi da ta cewa.

Tsinke gami fiye da kima ma yana da nasa farashi. Inji yana ƙara zafi, ya fara ƙwanƙwasa idan an ɗora masa nauyi, bawul ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Wanda ya rage jet don ya tsira da kuɗin lita kaɗan yakan biya su ninkin-ba-ninkin a wurin saukar inji.

Yadda aka yi ritayarsa

Injekta ba sabon abu ba ne. Mercedes 300SL ta zo da shi a 1954, Chevrolet ta sayar da shi a 1957, kamfanin Bosch kuma ya sa mai aiki da lantarki a motar Volkswagen a 1967. Tsada ce ta hana shi yaɗuwa. Abin da ya yanke hukunci shi ne matatar hayaƙi da aka fara sa wa yawancin motocin Amurka a 1975, musamman nau'inta mai kashe guba uku a lokaci guda, wanda Volvo ta fara haɗawa da na'urar Bosch mai sansano oksijin a salansa a 1976. Wannan matata ba ta aiki sai gamin ya tsaya dab da 14.7 a kowane daƙiƙa. Kafireto ba zai iya wannan ba, domin bai san abin da ke fita ta salansa ba, bai kuma san an hau dutse ko an sauko ba. Honda ta yi nasarar cika sharuɗɗan 1975 da injinta CVCC ba tare da matata ba, kamfanonin Detroit kuma suka gwada kafireto mai karɓar umarnin kwamfuta a farkon shekarun 1980, amma duk jinkirta ranar aka yi.

A farkon shekarun 1990 aka daina sayar da sabuwar mota mai kafireto a Amurka, ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1 kuma ta yi haka a Turai daga 1992. Babbar gasar NASCAR ta riƙe nata har 2012. Abin da ya rage a can shi ne duniyar masu tsofaffin motoci, wadda doka ta bar mata ƙofa: a Kalifoniya motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa shiga gwajin hayaƙi. Ko su ɗin suna fama da sabon fetur mai gamin etanol, wanda ke cin tsofaffin robobi ya bar datti a kofin mai idan mota ta daɗe a ajiye.

Daga Detroit zuwa Kakuri

Tashin farashin da ya durƙusar da manyan injunan Amurka shi ne ya cika baitulmalin Najeriya. A 1975, shekarar da ma'aikata ke kashe kuɗin Udoji, masana'antar Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Peugeot 504, wadda ake kira Fijo, ta zama motar gwamnati da ta haya, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina ta a Faransa. Da kafireton Solex yawancinsu ke tafiya, haka ma Beetle. Kanikawa masu yawa a kansa suka koyi aiki, suna saita silo da kunne da sukudireba, suna busa jet da baki idan ya toshe.

Ƙasar tana da nata sharuɗɗan da masu ƙira a Turai ba su lissafa ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, gamin ya yi kauri ba tare da an taɓa komai ba. Motar da aka saita a Legas, a bakin teku, idan ta hau Jos mai tsayin kusan mita 1,200, iskar da take shaƙa ta fi sauƙi amma jet bai canja ba, sai ta riƙa shan mai fiye da buƙata tana fitar da baƙin hayaƙi. Da motocin gwanjo masu injekta suka fara kwararowa daga Turai ta Kwatano, sai aka ga sauyin da ya juya wa tarihi baya: idan injekta ya ba da matsala, a cire shi a ɗora kafireto. Yin hakan yana da hujjarsa. Na'urar binciken kwamfutar mota ba ta wadata ba, gurɓataccen mai yana toshe injekta, kafireto kuwa ana gyara shi a kowane ƙauye. Abin da aka sayar a madadin wannan kwanciyar hankali shi ne ƙarin shan mai da ƙarin hayaƙi, kuma muddin gwamnati na biyan tallafi, ba a ji nauyin cinikin sosai ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Direban haya da ɗan acaba da mai janareta a shago suka tsinci kansu a inda Ba'amurke ya tsaya a 1973. Sana'ar sauyi ta sake tashi da sabuwar fuska, aka shiga cire kafireton janareta ana ɗora mai aiki da iskar gas ta girki. A nan ma ribar daga farashin makamashin take fitowa, tare da sabon haɗari idan roba ko mahaɗi ya yi yoyo a wurin da iska ba ta ratsawa. Tallan na'urorin da ake cewa suna raba shan mai gida biyu, jikokin kafireton Pogue, su ma sun samu sabuwar kasuwa.

Abin da ya tabbata

Kanikawan Amurka suna da wata magana cewa galibin cututtukan kafireto a wuta suke. Ma'anarta ita ce ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Tsarin aikin da ƙwararru suka gada yana farawa ne daga fulogi da taimin da tazarar bawul, sannan a nemi inda iska ke satar shiga ta manifol, a duba matatar iska da matakin fulot. Sai an gama da waɗannan ake taɓa jet, shi ma mataki ɗaya a lokaci guda. Fulogi yana ba da shaida: baƙi mai kunkunniya alamar kauri ne, fari fat alamar tsinkewa, ruwan ƙasa kuma yana nuna an kusa daidai. A yau masu saita tsofaffin motoci sukan ɗaura na'urar sansano oksijin a salansa su karanta gamin a lamba yayin da suke tuƙi, wato na'urar da ta kori kafireto daga masana'anta ita ce ke taimaka masa ya yi aiki fiye da yadda ya taɓa yi. Irin wannan gyara yana dawo da abin da tsufa da sakaci suka cinye, kuma a motar da ta lalace wannan na iya zama mai yawa. Ba ya kai injin inda ƙirarsa ba ta kai ba.

Vic Edelbrock ya rasu a 1962, ɗansa ya gaji kamfanin. Har yanzu ana sayar da kafireto da sunansa, wanda aka gina a kan tsarin Carter AFB na 1957, ana kuma sayar da injekta mai kwamfuta a gefensa ga wanda ya gaji da sukudireba. Abin da ya raba Edelbrock da dubban da suka kwaikwaye shi suka yi asara shi ne agogon bakin tafki, wanda ba ya jin daɗin ƙugin inji kuma ba ya karanta talla. Mai tsohuwar Fijo a Kaduna ko mai babur a Maraɗi yana da kwatankwacinsa: ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya sake cikawa bayan tafiya, ya raba nisan da litocin da suka shiga. Idan ya yi haka kafin a taɓa kafireto da kuma bayan an taɓa shi, zai san wace taurar ya tauna da kuma nawa ya biya.